Tsakanin Sa Hannu da Cika Alƙawari: Nijeriya da Muradun Shekarar 2030

A ’yan shekarun nan, da wuya takarda ta shigo ofishin gidauniya daga wata hukumar gwamnati ko ƙungiyar agaji ba tare da tambaya guda ba: wanne daga cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa aikinku yake yi wa hidima? Su ma masu damƙa mana amanar zakkarsu sun soma tambayar ko mene ne waɗannan muradu, kuma me ya sa ake ta ambatonsu a taruka alhali mabuƙata sai ƙaruwa suke yi. Tambayar ta cancanci amsa mai gamsarwa, domin mutanen da muradun suke magana a kansu su ne dai waɗanda sunayensu suka cika rajistarmu. Saboda haka muka keɓe waɗannan shafuka domin bayyana alƙawarin da Nijeriya ta ɗauka a gaban duniya, da abubuwan da suka sa cika shi yake wuya, da kuma iyakar abin da zakka da waƙafi za su iya a cikin lamarin.

A watan Satumba na 2000, ƙasashe 189 suka amince da wata sanarwa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda daga cikinta aka fitar da muradu 8 da aka fi sani da Muradun Ƙarni, aka ba su wa’adin 2015. Da wa’adin ya cika, ƙasashe 193 suka sake zama a watan Satumba na 2015, suka amince da sabon jadawali mai muradu 17 da aka rarraba zuwa ƙudurori 169, da wa’adin 2030. A ciki akwai kawar da matsanancin talauci da yunwa, da samar da lafiya da ilimi mai inganci ga kowa, da ruwan sha da tsafta da wutar lantarki, har zuwa zaman lafiya da adalci. Nijeriya ba ’yar kallo ba ce a wannan tafiya. Hajiya Amina Mohammed, ’yar asalin Gombe, wadda ta riƙe ofishin Muradun Ƙarni a fadar shugaban ƙasa daga 2005, tana cikin waɗanda suka jagoranci tsara sababbin muradun, kuma tun 2017 ita ce Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar.

Rahoton da Majalisar ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 17 cikin 100 kaɗai na ƙudurorin ne suke bisa turbar cika a kan lokaci a duniya baki ɗaya. Ashe jinkirin bai tsaya a kanmu ba. Sai dai jinkirin ƙasar da ke neman rage hayaƙin masana’antunta dabam ne da na ƙasar da mata suke mutuwa a kan hanyar asibiti.

Zango ɗaya, mafari dabam-dabam

Wahala ta farko tana cikin yadda aka gina ma’aunin kansa. Muradun Ƙarni sun fi auna tafiya ne daga inda aka faro: a rage talauci da rabi, a rage mutuwar yara ’yan ƙasa da shekara biyar da kashi biyu bisa uku na yadda take a 1990. Muradun 2030 kuwa zango guda suka kafa wa kowa. Kowace ƙasa, mai wadata da marar wadata, ana so ta sauko da mutuwar yara zuwa 25 ko ƙasa da haka a cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai. Akwai ƙasashen da tun ranar sa hannu sun riga sun wuce wannan zango da shekaru masu yawa. Mu kuwa ga inda muka fito. Binciken lafiya da yawan jama’a da gwamnati take gudanarwa lokaci-lokaci ya nuna adadin ya kasance 201 a 2003, ya sauko 157 a 2008, sai 128 a 2013, ya ɗan koma sama zuwa 132 a 2018, sannan ya sauko 110 a binciken 2023 zuwa 2024. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a gidan da aka rasa yaro ya san wannan raguwa ba abar rainawa ba ce, domin ɗaruruwan dubban rayuka ne a kowace shekara. Amma lissafin a fili yake: shekara ashirin muka ɗauka kafin mu rage 91, yanzu kuma ana so mu rage wasu 85 kafin 2030. Mutuwar jarirai a watansu na farko ma, wadda ake so ta sauko zuwa 12, tashi ta yi daga 39 zuwa 41 tsakanin bincike biyu na ƙarshe.

Ta fuskar mata masu haihuwa tazarar ta fi haka. Burin duniya shi ne a sauko ƙasa da mutuwa 70 a cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya sa Nijeriya a kan 1,047, kuma ya ce fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a sanadin ciki ko haihuwa a faɗin duniya a waccan shekara, a ƙasarmu suka rasu.

Sannan rahotannin duniya suna ɗaukar ƙasa a matsayin gida ɗaya, su ba ta lamba guda, alhali cikin gidan ba ɗaya ba ne. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da bincike a kan talauci mai fuskoki da yawa, wato wanda bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, yana duba abinci da nisan asibiti da zuwan yara makaranta da ruwa da makamashin girki da aikin yi da tsaro. Ta samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na jama’a, a cikin wannan hali. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Jihar Ondo kashi 27 ne, a Jihar Sakkwato kashi 91. Idan aka ce Nijeriya ta matsa gaba da taki biyu, mai yiwuwa wani yanki ne ya yi taki huɗu wani kuma bai motsa ba.

A kan wannan kuma sai a ɗora ƙaruwar jama’a. Lokacin da aka sa hannu a kan Muradun Ƙarni, ’yan Nijeriya ba su kai miliyan 130 ba. Yau ana ƙiyasin sun haura miliyan 220, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kimanin miliyan biyar, adadin da ya zarce mutanen Jihar Jigawa gaba ɗaya a ƙidayar 2006. Mu ba ma cikin masu ɗaukar haihuwa a matsayin musiba. ’Ya’ya kyauta ce daga Allah. Amma mai ɗinka wa yaro riga ya san yaron girma yake yi, idan ya auna yau ya kawo ɗinki bayan shekara uku, to, ya yi asarar yadi. Gwamnatin da ta gina azuzuwa dubu a shekarar da ake buƙatar ƙarin dubu biyu ta yi aiki, kuma duk da haka yaran da ba su da wurin zama sun fi na bara yawa.

Wanda ba a ƙirga ba

Ba a taɓa raba zakka bisa adalci ba tare da sanin masu haƙƙi ba, haka ma ba a tsara ci gaban ƙasa a cikin duhu. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama’a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Duk wani adadi da ake ambata a yau hasashe ne da aka gina a kan waccan ƙidaya, wadda ita kanta ta sha jayayya. Binciken 2018 ya nuna yaran da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai rabi ba.

Sakamakon haka shi ne abu ɗaya yakan zo da lambobi biyu masu nisa da juna. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta. A 2022 UNESCO ta ce sun kai kusan miliyan 20. Bambancin ya samo asali ne daga shekarun yaran da kowace hukuma ta ƙirga da hanyar da ta bi. Akwai kuma tambayar da ta fi shafar yankinmu: yaron da yake tsangaya, ya sauke ko ma ya hardace Alƙur’ani amma bai iya lissafi da karatun boko ba, a wane gefe za a sa shi? A ganinmu, kiran sa jahili zalunci ne, cewa kuma ba ya buƙatar komai yaudara ce. Haka nan mutuwar mata: binciken gwamnati na 2018 ya ce 512, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ninka wannan. Babban binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019, wanda ya ce kashi 40 cikin 100 na jama’a suna ƙasa da layin talauci, bai haɗa da Jihar Borno ba saboda rashin tsaro. Wato inda wahala ta fi tsanani nan ne alƙalamin mai ƙirga bai kai ba.

Shi ma layin talaucin na duniya ba a tsaye yake ba. Dala 1.25 a rana aka rubuta a cikin muradun, Bankin Duniya ya mai da shi 1.90, sannan 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Akwai hujjar ilimi a kan kowane sauyi, amma mai bin labarin daga nesa yana da uzuri idan ya rikice.

Aljihun da zai ɗauki nauyin

Ana yawan cewa Nijeriya ƙasa ce mai arziki. Idan aka raba kuɗin gwamnati da yawan jama’a sai maganar ta sauya. Kasafin tarayya na 2025 ya kusa naira tiriliyan 55, wato kimanin naira 240,000 ga kowane mutum a shekara guda, kuma a ciki ne za a fitar da tsaro da albashi da hanyoyi da komai. Fiye da tiriliyan 14 daga ciki an ware su ne domin biyan bashi da kuɗin ruwansa, abin da ya zarce kason lafiya da na ilimi a haɗe nesa ba kusa ba. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci tana yawo ne a wajajen kashi 5. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa.

Abin takaici shi ne mun taɓa sauke wannan kaya. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, bayan ta amince ta biya kimanin biliyan 12. Kusan dala biliyan ɗaya da aka huta biya a kowace shekara aka karkatar zuwa ayyukan Muradun Ƙarni. Ba a cika shekara ashirin ba, a ƙarshen 2024, bashin da ke kan gwamnatocin ƙasar ya haura naira tiriliyan 140.

Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake saye a hukumance kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na shekarar, ta abinci ma ta taɓa haura kashi 40. Masana suna jayayya a kan ko gyaran ya zama dole, kuma da yawansu suna ganin ya zama. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne magidancin da yake ciyar da gidansa sau uku ya koma sau biyu, mai sau biyu ya koma sau ɗaya.

Su ma ƙasashe masu arziki akwai alƙawuransu da ba su cika ba. Tun 1970 aka amince su riƙa ba da kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasashensu a matsayin agajin raya ƙasa. ’Yan ƙalilan ne suka taɓa kaiwa. Birtaniya ta sauko zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar a 2025 cewa za ta ƙara saukowa zuwa 0.3. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, daga baya ta rufe hukumarta ta USAID. Idan aka kwatanta da girman tattalin arzikin Nijeriya, agajin waje bai taka kara ya karya ba, sai dai ya taru ne a wurare masu haɗari: maganin cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro, rigakafi, da abincin yara masu tamowa a Arewa maso Gabas. Mai kwana a tabarmar aro dole ya kwana da shirin tashi.

Daga Abuja zuwa ƙauye

A ganinmu nan ne gizo yake saƙa. Shugaban ƙasa ne yake sa hannu a birnin New York, amma makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar ƙauye, waɗanda a kansu ne muradun za su cika ko su faɗi, nauyinsu yana kan jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Tsakanin mai sa hannu da mai aiwatarwa akwai matakai da yawa, kuma a kowane mataki akwai inda kuɗi yake tsayawa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimi a matakin farko, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna zaune a asusun hukumar ba a ɗauka ba, saboda jihohi da dama ba su kawo nasu kason ba, cikinsu har da waɗanda yaransu suke karatu a ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai bayan wasu shekaru kuɗin suka fara fita. Ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe kuɗinsu yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai ranar 11 ga Yuli 2024 da Kotun Ƙoli ta yi umarnin a riƙa biyan su kai tsaye, kuma aiwatar da hukuncin tafiyar hawainiya yake yi.

Masu karatun wannan rahoto da yawa sun san gine-ginen da ke ɗauke da allon Muradun Ƙarni a garuruwansu: ɗakin shan magani mai ɗakuna uku, famfon tuƙa-tuƙa, tankin ruwa mai aiki da hasken rana. Kuɗin yafe bashin nan ne ya gina su, kuma da yawansu sun yi amfani. Amma a je a duba su yau. Wani famfon ya tsaya saboda ƙarfen da bai kai kuɗin buhun siminti ba, wani asibitin jemagu ne suka gaje shi domin babu ma’aikaci. A 2009 aka ƙaddamar da shirin tura ungozoma zuwa asibitocin karkara, tsari mai kyau ƙwarai, wanda aka raba nauyin alawus ɗinsa tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Da jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka gaza biyan nasu, ungozomomi suka riƙa tattara kayansu. Haka makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 da gwamnatin Shugaba Jonathan ta gina: an miƙa su ga jihohi, kuma wasu sun lalace tun ba su ci rabin amfaninsu ba.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Gini yana da ranar buɗewa, da almakashi da ɗaukar hoto, yana kuma da kwangila. Albashin ungozoma da man janareta da gyaran famfo ba su da biki. Mai ba da agaji daga waje shirin shekara uku ko biyar yake kawowa, ɗan siyasa wa’adin shekara huɗu yake lissafi, ita kuwa rijiya ana so ta shayar da mutane shekara talatin. Ba a rasa masu fara aiki a ƙasar nan ba. Kuɗin da zai zauna tare da aikin bayan an watse daga taro, shi ne ya yi ƙaranci.

Rashin tsaro da sauyin yanayi kuma suna warware abin da aka riga aka saƙa. Daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, kowace satar ɗalibai takan rufe makarantu da yawa bayan wadda aka kai wa hari, ta kuma sa iyaye su janye ’ya’yansu mata. Fiye da mutum miliyan uku suna gudun hijira a cikin ƙasarsu. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi sai ya biya ’yan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Mutumin da a da yake fitar da zakkar hatsi yau yana cikin masu karɓa. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, sannan a watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri.

Inda aka yi nasara

Duk da haka akwai abin da aka cimma, kuma yadda aka cimma shi yana da darasi. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin cewa an gurɓata maganin. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da tushe: mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan ’ya’yansu a 1996 ba. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama, kuma a 2006 an samu yara fiye da 1,000 da ta kama a Nijeriya. Maganin ɗigon nan ne dai. Abin da ya sauya shi ne masu kai shi. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa’ad Abubakar. Sarakuna suka ɗiga wa ’ya’yansu a bainar jama’a, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida, malamai suka yi bayani a kan mumbari. Wasu ma’aikatan rigakafi sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2016 aka ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe, a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Kafin nan, a 2013, an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, alhali ba ta cikin jihohi masu kuɗi.

Iyakar zakka da gurbin waƙafi

Saboda ƙarancin kuɗin da muka ambata, hukumomin duniya sun soma waiwayar dukiyar sadaka ta Musulmi. Hukumar kula da ’yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun zakka a 2019. A Indunisiya hukumar zakka ta ƙasa ta haɗa hannu da shirin raya ƙasashe na Majalisar wajen samar da wutar lantarki daga ruwa ga wasu ƙauyukan lardin Jambi. Muna maraba da duk abin da zai rage wa bayin Allah wahala, kuma yawancin muradun ba baƙi ba ne ga wanda ya karanta abin da malaman usulu suka rubuta a kan kare rai da hankali da zuriya da dukiya. Inda wani ƙuduri ya saɓa wa addininmu, muna da ’yancin barin sa.

Amma ya kamata a faɗi gaskiya game da girman abin. Da za a ba kowane ɗaya daga cikin mutum miliyan 133 ɗin nan naira 1,000 kacal a rana, a shekara za a buƙaci fiye da naira tiriliyan 48, kusan kasafin tarayya na 2025 gaba ɗaya. Babu wata hukumar zakka, ta jiha ko ta masarauta ko mai zaman kanta, da za ta iya ko kusa da wannan, kuma bai dace a bar gwamnati ta fake da mu ta sauke nauyin da ke wuyanta ba. Bayan haka, zakka ibada ce mai iyakoki. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas na masu cin ta, kuma mashahurin ra’ayi a mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasarmu, shi ne ana mallaka ta ne ga mai haƙƙi, ba a gina hanya ko gada ko masallaci da ita. Faɗuwar naira ma ta taɓa ta: nisabin zinare, wanda ’yan shekarun baya bai wuce naira miliyan biyu zuwa uku ba, ya haura miliyan goma, don haka masu kai nisabi suna raguwa a daidai lokacin da masu karɓa suke ƙaruwa.

Ƙarfin zakka yana wani wuri. Asalinta a karɓa daga mawadatan gari a mayar ga matalautansa, don haka tana tilasta a san mutum da sunansa da ƙofar gidansa, abin da babbar ƙididdiga ta kasa. Kwamitocin zakka na masarautun Jigawa, masu tattara hatsi a gunduma su raba a gundumar, misali ne na wannan. Tana kuma iya tarar iyali a daidai lokacin da suke shirin faɗawa rami: ranar da aka ce sai an yi wa mace tiyata kafin ta haihu, ko ranar da bashi zai sa a sayar da gonar gado ko keken ɗinki. A ƙasar da majiyyaci yake biyan mafi yawan kuɗin maganinsa, irin wannan rana ce take mai da mai rufin asiri mabaraci.

Shi kuwa waƙafi, siffarsa ita ce ainihin abin da ayyukan raya ƙasa suka rasa. Tun daga gonar Sayyidina Umar a Khaibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina, ƙa’idarsa ita ce a tsare asali, a ciyar da amfaninsa. Da shi Azhar ta Masar da Ƙarawiyyin ta Fas suka rayu ɗaruruwan shekaru, sarauta tana tashi wata tana faɗuwa. Ba shi da ƙaidin rukuni takwas: yana biyan albashin malami da na ungozoma, yana sayen magani, kuma ruwansa Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna sha. Abin da ya raunana shi a wurinmu shi ne rashin rubutu. Babu dokar waƙafi ta tarayya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnoni, kuma sau da yawa bawan Allah yakan furta waƙafi da baki a gaban mutum biyu, bayan rasuwarsa magada su raba.

Saboda haka roƙonmu ga masu niyyar sadaka mai gudana shi ne, wanda zai haƙa rijiyar burtsatse ya haɗa ta da shago ko fili ko gidan haya da zai riƙa ɗaukar nauyin gyaranta, ko da hakan zai sa ya haƙa ɗaya a maimakon biyu. A rubuta waƙafin tun mai shi yana da rai da lafiya, a sa shaidu, a sanar da magada, a ambaci mai kula da wanda zai gaje shi, a kuma nemi takardar shaidar mallaka da sunan amintattu. A cikin takardar a bayyana sharaɗin da malaman fiƙihu suka daɗe da tabbatarwa, cewa daga amfanin waƙafi gyaran shi kansa waƙafin ake fara fitarwa, sannan a raba abin da ya saura.